Yohanna Bosko, Malamin da Ya Ajiye Bulala

Ya kai mai karatu, da ka shigo hanyar Almasihu ba da daɗewa ba, watakila akwai ɗa ko almajiri a hannunka. Ran da ya yi laifi, yaya za ka yi da shi? Ka saurari labarin wani bawan Allah.

An haifi Yohanna Bosko a ƙasar Italiya cikin shekara ta 1815. Ubansa ya rasu tun yana ɗan ƙaramin yaro, uwarsa ta rene shi cikin talauci. Cikin 1841 aka keɓe shi firist na Ikilisiyar Katolika. Sa'an nan ya shiga ziyartar kurkukun birnin Torino, inda ya tarar da samari a kulle, ba aiki, ba mai kula da su. Ya lura da yawansu in an sake su, ba a jima sai an komo da su, gama horo ya biya laifi, amma bai gyara zuciya ba.

Cikin watan Disamba na shekaran nan, mai tsaron ɗakin sujada ya kori wani maraya da duka. Bosko ya sa aka kirawo yaron, ya zauna yana koya masa. Daga wannan ɗaya taro ya yi ta ƙaruwa, har cikin 1846 suka sami mazauni a unguwar Baldoko. Nan ya buɗe makaranta, da wuraren koyon dukanci, da ɗinki, da buga littattafai.

Cikin 1877 ya rubuta ƙa'idarsa, ya kafa ta bisa abu uku: hankali, da addini, da ƙauna. Ya hana duka sam. Malami ya zauna cikin yara, domin ya riga laifi isowa. Wanda ya yi kuskure a ja shi gefe, ba a gaban jama'a ba, bayan fushi ya huce, a nuna masa ɓarnarsa har ya gane da kansa. In ya tuba a mai da shi cikin 'yan'uwansa. Sai wanda ya nace yana lalata sauran yara a kan sallama.

Ya rasu cikin 1888, ƙungiyar Salesiya da ya kafa ta ci gaba da aikin.

To, ɗan'uwa, kai ma mai laifi ne da Ubangiji ya nemo. Kafin ka ɗaga hannu bisa yaro, ka tambayi zuciyarka: so ka ke ka huce haushi, ko ka komo da shi?