Abner Cohen, masanin da ya nemi sirrin labarin asali a Sabon Ibadan

An haifi Abner Cohen a Bagadaza a shekarar 1921, cikin Yahudawan Iraƙi. Ya yi digirin digirgir a Jami'ar Manchester, a sashen Max Gluckman, kan ƙauyukan Larabawa da ke bakin iyakar Isra'ila, sannan ya koyar a makarantar SOAS ta Landan. Amma aikin da ya ɗaukaka sunansa a Sabo ya yi shi, unguwar Hausawa ta Ibadan, daga 1962 zuwa 1963.

Tambayar da ta bi shi tsawon rayuwarsa ita ce dalilin da ke sa jama'a su tsara labari a kan asalinsu, su kuma riƙe shi gam. Sabo, wadda aka kafa a 1916, ta ɗaure masa kai. An yi zaton daɗewa cikin Yarabawa za ta narkar da baƙi, sai ya tarar Hausancin mazaunanta ƙaruwa yake yi, a harshe da sutura da auratayya.

A kasuwar shanu da ta goro ya samo amsa. Falke yakan kawo shanu daga Arewa, ba kuma ya iya jinkirta sayarwa, domin cutar ƙudan tsando ba ta barin dabba ta daɗe a kurmi. Dole a ba mahautan Yarabawa bashi, ba takarda, ba banki. Maigida ne ke saukar da baƙo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan mai bashi ya gaza. Irin wannan amana ba ta tsayuwa sai mutane sun yarda cewa su ɗaya ne, kuma wanda ya ci amana ba shi da wurin ɓuya. Labarin asali ɗaya, a ganin Cohen, shi ne jarin da ya riƙe fataucin a hannun Sabo.

Da siyasar jam'iyyu ta raunana ikon Sarkin Hausawa a farkon shekarun 1950, sai mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware sallar Juma'arsu daga babban masallacin gari. Cohen ya fassara wannan da sabuwar katanga a madadin wadda ta rushe, a littafinsa Custom and Politics in Urban Africa na 1969. A nan ne hujjarsa ta fi rauni: mutumin da ke zaman wazifa kowace rana ba lissafin goro yake yi ba. Shi kansa bai ce imanin ƙarya ba ne. A Two-Dimensional Man na 1974 ya nuna cewa alama ba ta amfanar siyasa sai ta taɓa abin da ke damun zuciya, kamar mutuwa da rashin lafiya da neman ma'anar rayuwa. Duk ma'aikacin da ya taɓa neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma don samun gurbi ya san nauyin labarin da ake ba da shi a kan mutum.

Daga baya ya kai tambayar ga manyan ma'aikatan Kiriyo na Freetown da ƙungiyarsu ta Freemason, sannan ga bikin Notting Hill na baƙaƙen Landan, wanda ya yi wa littafi a 1993. Ya rasu a Ingila a 2001, bayan doguwar jinyar cutar Parkinson.