Oscar Wilde: Marubucin da hukunci ya raba da 'ya'yansa

Ranar 24 ga Afrilu, 1895, aka yi gwanjon kayan wani gida a titin Tite da ke Landan. An sayar da littattafai da zane-zane, har kayan wasan yara ba su tsira ba. Maigidan, Oscar Wilde, yana tsare a lokacin, alhali watanni biyu kacal kafin nan wasanninsa na kwaikwayo biyu ne ke cika manyan zaurukan birnin.

An haifi Wilde a Dublin ta ƙasar Ailan a 1854. Mahaifinsa fitaccen likitan ido da kunne ne, mahaifiyarsa kuwa marubuciyar waƙoƙi. Ya yi karatu a Oxford, ya shahara da fasahar zance. A 1884 ya auri Constance Lloyd, suka haifi Cyril a 1885 da Vyvyan a 1886.

A 1891 ya haɗu da wani matashi ɗan gidan sarauta, Alfred Douglas, soyayya ta shiga tsakaninsu. Mahaifin Douglas, basarake Queensberry, ya sha alwashin tozarta shi, kuma a Fabrairun 1895 ya ajiye masa kati a kulob ɗinsa yana zarginsa da luwaɗi. Wilde ya kai ƙarar ɓata suna duk da abokai sun hana shi, kuma a ganina wannan ne babban kuskurensa. Reshe ya juye da mujiya. Ranar 25 ga Mayu aka ɗaure shi shekara biyu da aiki mai tsanani, bisa dokar 1885 da ta haramta mu'amala tsakanin namiji da namiji ko da a cikin sirri ne. Lokacin da ake mayar da shi kurkukun Reading, an tsayar da shi rabin sa'a a tashar jirgin ƙasa ta Clapham da ankwa a hannu, jama'a na yi masa dariya.

Kurkuku yana da wa'adi. Rabuwa da iyali ce ba ta da shi. Constance ta fice da yaran daga Ingila, ta sauya sunan gidansu zuwa Holland. Ko a Bodinga ko a Shagari, tambayar farko da ake yi wa baƙon yaro ita ce ɗan wa ne, don haka mai karatu ya san nauyin cire wa yaro sunan uba. Duk matsayin mutum game da Wilde, yaran nan ba su aikata komai ba.

Ba za a ce Constance maras tausayi ce ba. Da mahaifiyar Wilde ta rasu a Fabrairun 1896, ita ta taso daga Italiya, duk da rashin lafiyarta, don kada ya ji labarin daga bakin gandiroba. Amma a 1897 kotu ta karɓe masa ikon riƙon 'ya'yansa. Da ya fito a watan Mayu na shekarar, ya haye Faransa da sunan aro. Ta aika masa hotunan yaran da kuɗin ciyarwa, ganawa kuwa aka yi ta ɗage ta. Da ya gaji da jira ya koma wajen Douglas a Naples, sai ta yanke kuɗin.

Constance ta rasu a Genoa a 1898. Shekara guda bayan haka Wilde ya ziyarci kabarinta, ya tarar babu sunansa a jikin dutsen. Ya mutu cikin bashi a wani ƙaramin otal na Paris ranar 30 ga Nuwamba, 1900, yana da shekara 46, bai sake ganin 'ya'yansa ba.

An kashe Cyril a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. Vyvyan ya rayu har 1967, kuma a 1954 ya wallafa tarihin ƙuruciyarsa, inda ya tuna da uban da ke durƙusawa a ɗakinsu yana wasa da su. Daga baya dangi suka ƙara layi ɗaya a kabarin Constance, mai nuna cewa matar Oscar Wilde ce.