Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo: An haife shi a Maratta, yana kwance a Sakkwato

Jama'a, in ana zancen manyan kaburburan duniya, Taj Mahal na birnin Agra a Indiya ake fara kawowa, wanda sarki Shah Jahan ya gina wa matarsa Mumtaz bayan rasuwarta a 1631. To mu ma muna da namu wurin ziyara kusa da gida: Hubbaren Shehu a Sakkwato. Kuma mai wannan kabari, a ƙasarmu aka binne cibiyarsa.

An haifi Shehu Usmanu a 1754 a Maratta, kusa da Galmi cikin jihar Tawa ta yau, lokacin yankin yana hannun Gobir. Bafillace ne daga zuriyar Toronkawa. A Ɗegel ya tashi, ya yi karatu wurin mahaifinsa da 'yan'uwa, har neman ilimi ya kai shi Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umar. Yana da shekara kamar 20 ya fara wa'azi ƙauye ƙauye, da Fulatanci da Hausa, don manomi da makiyayi su gane. Ya tsawata kan zaluncin haraji, ya kuma dage sai an ilmantar da mata, ko da wasu malamai suka yi ta sukarsa.

Da jama'arsa ta yi yawa, sai suka saɓa da Sarkin Gobir Yunfa. A 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, aka gwabza a Tabkin Kwatto, sannan Alƙalawa ta faɗi a 1808. Yaƙin nan ya taɓa mu ta kowane ɓangare: Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya su ne suka kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma a Tsibiri. Ke nan cikinmu akwai jikokin almajiransa, akwai na waɗanda suka yaƙe shi.

Shi kam bai riƙe mulki ba. Ya bar gudanarwa ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya koma ga koyarwa da rubutu. Ya rasu a Sakkwato a 1817, aka binne shi a gidansa. 'Yarsa Nana Asma'u ma nan take kwance.

Mai niyyar ziyara daga Yamai zai bi Dosso da Dogon Dutsi zuwa Birnin Ƙonni, tafiyar sama da kilomita 400, ya tsallaka Illela, sai Sakkwato. A riƙe takardun shaida, a kuma tambayi halin hanya kafin a tashi. In an isa, a tuɓe takalmi, a yi sallama, a yi masa addu'a. Roƙo kuwa ga Allah kaɗai ake yi, don abin da shi kansa ya koyar ke nan. Allah ya jiƙan magabata.