Emanuel Ringelblum: Malamin tarihin da ya binne shaidar kisan Yahudawa a gwangwanin madara

Masu riƙe da waya a Funtua ko Malumfashi kan ci karo da gajerun bidiyon da ke cewa kisan Yahudawa miliyan 6 da Jamus ta yi a Yaƙin Duniya na Biyu ƙage ne. Wannan musu ya daɗe. Makasan da kansu ne suka soma shi ta hanyar ɓoye sawu, kuma tun ana tsakiyar kisan wani malamin tarihi ya shirya masa.

An haifi Emanuel Ringelblum a 1900 a garin Buczacz, wanda yanzu ke cikin Yukren. Ya yi digirin digirgir a tarihi a Jami'ar Warsaw a 1927, sannan ya koyar a sakandare. Bayan sojojin Hitler sun mamaye Poland, a Nuwamban 1940 aka killace Yahudawa sama da 400,000 a wata unguwa ta Warsaw da aka kewaye da katanga. Shi da iyalinsa na ciki.

A can ya haɗa malamai da marubuta a asirce ƙarƙashin wata ƙungiya, Oneg Shabbat, wadda ke zama ranar Asabar. Ba su raina komai ba: katin rabon abinci, rubutun 'yan makaranta, sanarwar da Jamusawa ke liƙawa a bango, bayanan waɗanda suka tsero daga wuraren kisa, har da takardar naɗe alewa. A ganina nan basirarsa take, domin ƙaryata mutum ɗaya ya fi sauƙi a kan ƙaryata dubban ƙananan takardu masu kwanan wata.

Daga Yuli zuwa Satumban 1942 an kwashi kimanin mutum 265,000 daga unguwar zuwa sansanin Treblinka, inda aka kashe su da iskar gas. Ana cikin haka, a watan Agusta, mutanensa suka binne akwatunan ƙarfe 10 a ƙarƙashin wata makaranta. A farkon 1943 suka ƙara da manyan gwangwanayen madara biyu.

A shekarar ce kuma Jamusawa suka tone gawarwakin Treblinka suka ƙone, suka rushe gine-ginen, suka mayar da filin gona har da shuka a kai. Duk manomin da ya bi ta wurin, gona kawai zai gani.

Ringelblum bai tsira ba. A Maris 1944 aka gano maɓoyarsa ta ƙarƙashin ƙasa, aka harbe shi tare da matarsa da ɗansu. Mutum uku ne kacal suka rayu daga ƙungiyar, cikinsu Hersh Wasser, wanda ya san inda aka yi binnen. A Satumban 1946 aka tono akwatunan daga kangon unguwar, gwangwanayen kuma ma'aikatan gini suka ci karo da su a Disamban 1950.

A wannan shekara ta 1950 ɗin ce wani Bafaranshe, Paul Rassinier, ya fitar da littafin da ke jefa shakku kan ɗakunan gas, wanda masu musu suka riƙa kafa hujja da shi daga baya.

Takardun Ringelblum, kimanin shafi 35,000, na ajiye a Cibiyar Tarihin Yahudawa da ke Warsaw, kuma UNESCO ta sa su cikin kundinta na tarihin duniya a 1999. Akwai kaso na uku da aka binne, wanda har yau ba a gano shi ba.