Amru Ɗan Asi Da Kafuwar Birnin Fusɗaɗ

Duk wanda ya bi tarihin shigowar Musulunci ƙasashen Afirka ba zai rasa cin karo da sunan Amru ɗan Asi ba, Allah ya ƙara masa yarda. Shi ne ya ja rundunar da ta ci ƙasar Masar, shi ne kuma ya kafa Fusɗaɗ, garin da ya soma daga hemomin mayaƙa a gindin ganuwar Rumawa, har ya zama tushen birnin Alƙahira.

An haifi Amru a Makka tun kafin bayyanar Musulunci, a cikin Banu Sahmi, ɗaya daga cikin gidajen Ƙuraishawa. Mahaifinsa, Asi ɗan Wa'ilu, attajiri ne mai faɗa a ji. Amru ya tashi da fatauci, ya saba da hanyoyi da fadojin sarakuna, ya kuma shahara da hikima da iya magana. Saboda haka ne Ƙuraishawa suka tura shi wurin Najjashi, Sarkin Habasha, don ya komo musu da Musulmin da suka yi hijira can, amma Sarki ya ƙi ba da su. A shekara ta 8 bayan Hijira, watau 629, Amru ya nufi Madina tare da Halidu ɗan Walidu, suka musulunta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi shugabancin rundunar Zatus Salasil, sa'an nan ya aike shi Oman. A zamanin Halifa Abubakar yana cikin sarakunan yaƙin da aka tura Sham, aka ba shi sashen Falasɗinu, ya halarci yaƙin Ajnadaini a 634 da na Yarmuk a 636.

A watan Disamba na 639 Amru ya ƙetare iyakar Masar da mayaƙa wajen 4,000. Masar kuwa a lokacin ita ce rumbun hatsin daular Rumawa, amma zukatan mutanenta, watau Kibɗawa, sun yi nisa da masu mulkinsu, domin Rumawa sun matsa musu da haraji da kuma tilas a kan aƙidar addini. Ya ci Farama, ya ci Bilbais, ya iso inda Kogin Nilu yake shirin rabuwa rassa-rassa. A nan ne Rumawa suke da wata ƙaƙƙarfar ganuwa da ake kira Babilon, a gaɓar gabas, daura da tsibirin Rauda. Wanda duk ya riƙe ta ya riƙe hanyar da ta haɗa kudancin Masar da arewacinta. Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya aiko da gudummawa a ƙarƙashin Zubairu ɗan Awwamu, aka gwabza a Ainu Shamsi a watan Yuli na 640, Rumawa suka karye. Daga nan aka yi wa ganuwar zobe har wajen wata bakwai. Ana cikin haka Sarkin Rumawa Hirƙalu ya mutu, gwiwar masu tsaro ta yi sanyi. Zubairu ya kafa tsani ya hau bisa garu, ganuwar ta faɗa hannun Musulmi a watan Afrilu na 641. Iskandariyya ta bi baya da yarjejeniya a watan Nuwamba, Rumawa suka gama kwashewa a watan Satumba na 642.

Bayan nasara sai babbar magana ta taso, watau inda mayaƙan za su zauna. Amru ya so Iskandariyya, domin ga gidaje a gine, ga fadoji masu su sun tafi sun bari. Halifa Umaru bai yarda ba. Ba ya son ruwa ya shiga tsakaninsa da rundunarsa, Nilu kuwa in ya cika yakan yanke hanyar Iskandariyya watanni, ga shi kuma birnin yana bakin teku inda jiragen Rumawa suke da ƙarfi. Abin da aka yi a Basra da Kufa shi ya so a yi a Masar, a ajiye mayaƙa wuri guda a bakin hamada, inda raƙumi zai kai saƙo Madina ba tare da ƙetare kogi ba. Amru ya bi umurni, ya komo filin da ke arewa da ganuwar Babilon. Masu tarihi suna ba da labari cewa sa'ad da zai tashi zuwa Iskandariyya an tarar kurciya ta yi ƙwai a hemarsa, ya hana a kwance ta, da suka dawo sai aka yi gari kewaye da ita. Fusɗaɗ da Larabci hema ke nan.

Abu na farko da aka gina shi ne masallaci, a shekara ta 21 bayan Hijira, shi ne kuma masallaci na farko a Masar. Tsawonsa kamu hamsin ne, faɗinsa talatin, ginshiƙansa kututturan dabino, daɓensa tsakuwa, ba hasumiya. Amru ya gina gidansa a gefe. Sa'an nan aka raba fili ƙabila-ƙabila, kowace da unguwarta, aka naɗa mutum huɗu su kula da rabon don kada a yi rigima, cikinsu har da Mu'awiya ɗan Hudaiji. Galibin mayaƙan mutanen Yaman ne, irin su Tujib da Mahra da Haulan da Ma'afir. Ƙuraishawa da Ansaru da sauran waɗanda ba su da yawan da za su cika unguwa aka haɗa su wuri ɗaya kusa da masallaci, aka kira su Mutanen Tuta. Ƙabilar Hamdan ta fi son Giza, a ƙetaren kogi, Halifa ya ce lalle a gina musu ganuwa tasu.

Ba a bar mayaƙa su ƙwace gonakin Kibɗawa ko su koma noma ba. Albashinsu daga baitulmali yake fitowa, sai dai kowace shekara, in ciyawa ta yi kyau, a sallame su zuwa ƙauyuka su yi kiwon dawakinsu, sa'an nan su komo sansani. Kibɗawa suka ci gaba da nomansu da aikin rubuta haraji, suna biyan jiziyar dinari biyu a kan kowane baligi namiji. Shugaban cocinsu, Binyaminu, wanda ya yi shekara 13 yana ɓoye wa Rumawa, Amru ya ba shi aminci ya komo kan kujerarsa. Sannu a hankali masu sana'a da 'yan kasuwa suka matso kusa da sansani, bukkoki suka koma gidajen tubali. Amru ya kuma sa aka yashe tsohon magudanar ruwan da ta haɗa Nilu da Bahar Maliya a Ƙulzum, jiragen hatsi suka riƙa zuwa Hijaz. Haka kuma ya ci Barƙa a 642 da Tarabulus a 643.

Duk da wannan ɗaukaka idon Madina bai ɗauke daga kansa ba. Halifa Umaru ya hana shi hawa mumbarin da ya kafa, don kada ya ɗaukaka bisa kawunan jama'a. Ya aiko Muhammadu ɗan Maslama ya binciki dukiyarsa, ya karɓi rabi. Da ɗan Amru ya bugi wani Bakibɗe kan tseren doki, Halifa ya kira uban da ɗan zuwa Madina, ya sa Bakibɗen ya rama.

Halifa Usmanu ya sauke shi ya naɗa Abdullahi ɗan Sa'adu, amma da Rumawa suka sake kama Iskandariyya ta teku a 645, Amru aka nema, ya ƙwato ta a 646. Faɗuwar Iskandariyya bai taɓa Fusɗaɗ ba, a nan aka ga amfanin hangen Halifa Umaru. A zamanin fitina Amru ya tsaya tare da Mu'awiya, ya halarci Siffin a 657, ya wakilce shi wajen sulhu da Abu Musa al-Ash'ari, ya komo mulkin Masar a 658. A 661 wani Bahawarije ya zo kashe shi a masallaci, rashin lafiya ta tsare shi a gida, aka kashe Harija ɗan Huzafa wanda ya yi limanci a madadinsa. Amru ya rasu ranar Ƙaramar Salla ta shekara ta 43 bayan Hijira, a watan Janairu na 664, aka binne shi a gindin dutsen Muƙaɗɗam.

Garin ya ci gaba da bunƙasa bayansa. Imamu Shafi'i ya karantar a masallacin Amru har ya rasu a 820. A Fusɗaɗ ne Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Maliki, ya zauna, wurinsa kuma Sahnunu ya zo daga Ƙairawan ya ɗauki karatun da ya zama Mudawwana, littafin da malaman Malikiyya na ƙasar Hausa suka san darajarsa. Masu mulki na baya sun yi ta gina sababbin mazaunai arewa da shi, har Jauharu ya kafa Alƙahira a 969. A 1168 Waziri Shawar ya sa wa Fusɗaɗ wuta don kada ya faɗa hannun mayaƙan Turai. Masallacin kuwa, wanda aka yi ta faɗaɗawa, yana nan ana salla a cikinsa a unguwar da ake kira Tsohuwar Masar, kusa da abin da ya rage na ganuwar Babilon. Allah ya ƙara wa Amru ɗan Asi yarda, amin.