Tarihin Magabata: Jamshid Al-Kashi, Malamin Lissafi

Jama'a, duk ɗan kasuwar da ya rubuta N2.50 a takardar ciniki yana cin gajiyar aikin wani malami da ya rasu kusan shekara 600 da suka wuce, Allah Ya jiƙansa.

An haifi Jamshid Al-Kashi a garin Kashan na ƙasar Farisa wajen shekarar 1380. Ya taso cikin rashi, yana yawo gari-gari yana rubuta littattafan ilimin taurari don samun abin sakawa a baki. Sai wajen 1420 Allah Ya yanke masa wahala, Sarki Ulug Beg ya kira shi makarantarsa ta Samarƙandi.

A zamanin, masana taurari sittin-sittin suke kasa abu, irin yadda har yau awa take da minti 60. Masu rabon gado kuwa da rabi da sulusi da rubu'i suke aiki. To, tara sulusi da humusi ai sai an yi gumi. Al-Kashi ya nuna in aka kasa abu goma, kowane kashi aka sake kasa shi goma, za a tara a ɗebe kamar lambobin yau da kullum. An riga shi taɓa wannan hanya, domin Al-Uƙlidisi ya yi a Dimashƙa a 952, amma shi ne ya shimfiɗa ta daki-daki a littafinsa Miftahul Hisabi a 1427. Tun a 1424 ya lissafa kewayen da'ira har gurbi 16, aka yi kusan shekara 180 ba wanda ya wuce shi.

Abin lura, malam bai san ɗigo ba. Layi yakan ja, ko ya sauya launin tawada. Ɗigo daga baya Turawa suka yaɗa shi, su kuwa abokan cinikinmu na Nijar da Kwatano waƙafi suke sawa. Ko 0.5, ko 0,5, ko 1/2, rabi dai rabi ne. Irin su sulusi ne suka ƙi: 0.333 ba ta ƙarewa, don haka mai rabon gado bai rabu da tsohuwar hanya ba.

Ya rasu a Samarƙandi ran 22 ga Yuni, 1429. Dattawanmu da suka sha fama da fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun fi kowa sanin sauƙin da ya bar mana.