Charles Sargent: Mutumin da ya ƙulla hayar shekara dubu saboda itatuwa

A ƙarshen shekarar 1882 aka sa hannu kan wata yarjejeniya tsakanin hukumar birnin Boston da Jami'ar Harvard a ƙasar Amurka, wadda wa'adinta ba zai cika ba sai shekarar 2882. Jami'ar ta miƙa wa birnin wani fili nata, birnin kuma ya juya ya ba ta hayar filin na tsawon shekara dubu, a kan dala ɗaya tak kowace shekara. Abin da ake son tsarewa a filin itatuwa ne, waɗanda yawancinsu a lokacin ba su wuce matsayin dashe ba. Filin shi ne gandun itatuwa na Arnold, kuma wanda ya yi naci har aka kai ga wannan yarjejeniya shi ne Charles Sprague Sargent, mutumin da ya shugabanci gandun sama da shekara 50.

An haifi Sargent a Boston ranar 24 ga Afrilu, 1841, a gidan wadata. Mahaifinsa, Ignatius Sargent, attajiri ne da ya tara dukiya a harkar banki da jiragen ƙasa, kuma yana da wani makeken gida mai lambu a Brookline, bayan gari, wanda ake kira Holm Lea. A nan yaron ya tashi. Babu wata alama a ƙuruciyarsa da ta nuna zai zama masani. Da ya gama Harvard a 1862, cikin ɗalibai 90 na ajinsu shi ne ya zo na 88, kuma bai karanci ilimin tsirrai ba, fannin da daga baya sunansa ya fita a kansa. Daga makaranta ya shiga rundunar gwamnatin tarayya a yaƙin basasar Amurka, ya yi aiki a jihar Louisiana, ya ajiye kaki a 1865 da muƙamin manjo. Ya yi shekara uku yana yawo a Turai, sannan ya dawo gida ya karɓi kula da lambun mahaifinsa. A wannan lambu ya koyi itace, da ido da hannu.

A shekarar da ya dawo, wato 1868, wani attajiri mai suna James Arnold ya rasu a garin New Bedford. Arnold ya yi arziki ne da fataucin man ƙaton kifin nan na teku da ake kira wel, wanda a zamanin da shi ake kunna fitilu. Ya bar wasiyyar a ware wani kaso na dukiyarsa domin bunƙasa noma da aikin lambu. A 1872 amintattun da ya naɗa suka miƙa wa Harvard kimanin dala 100,000, bisa sharaɗin ta kafa gandu a wata tsohuwar gona da wani mai suna Benjamin Bussey ya bar mata a unguwar Jamaica Plain, inda za a shuka kowace irin bishiya, ta gida da ta waje, da za ta iya jure sanyin yankin a fili. A 1873 aka naɗa Sargent darakta, yana da shekara 32.

Muƙamin ya fi aljihunsa girma. Gona ce da ƙasarta ta gaji, babu hanya, babu ɗakin karatu, babu ma'aikata na kirki, ribar asusun da aka yarda a kashe kuma ba ta wuce 'yan dubban daloli a shekara ba. Duk wanda aka taɓa ba ofis mai suna ba tare da kasafi ba ya san irin wannan kujera. Da yawa sukan zauna su jira canjin wurin aiki. Sargent ya duba ya ga cewa talauci ma ba shi ne babbar barazanar ba. Boston na faɗaɗa, filaye na tsada, kuma wata rana za a sami shugaban jami'a da zai ga gonar ta fi amfani idan aka yanka ta aka sayar. Itacen da aka dasa yau kuwa sai bayan shekara 50 ko 100 zai nuna kansa.

A daidai lokacin, Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara babban lambun shaƙatawa na tsakiyar birnin New York, yana zana wa Boston jerin lambuna masu haɗe da juna. Sargent ya kai masa shawarar a sa gandun cikin wannan jeri. Da farko Olmsted ya yi shakkar a haɗa wurin shan iska da wurin bincike a fili guda, amma daga baya ya gamsu, ya zama abokin gwagwarmaya. Sauran ɓangarorin biyu ne suka yi tauri. Shugabannin Harvard ba su ɗoki shirin ba, 'yan majalisar birni kuma ba su ga dalilin kashe kuɗin jama'a a filin jami'ar masu hannu da shuni ba. Shekaru aka yi ana kai gwauro ana kai mari. Da shirin ya ci tura a majalisa, sai Sargent da Olmsted suka bi gida gida da ofis ofis, suka tara sa hannun mutane fiye da dubu, cikinsu da manyan gari, aka sake kai maganar har ta wuce.

Yana da kyau mai karatu ya dubi yadda aka raba nauyin. Birni ya ɗauki gina hanyoyi da katanga da ƙofofi da kuma tsaro. Jami'a ta ɗauki shuka da rainon itatuwa da bincike. Gandun zai kasance a buɗe ga kowa kyauta, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Tunda filin ya zama mallakar birni, babu haraji a kansa; tunda kuma yana hannun jami'a a matsayin haya, birni ba zai iya gina wani abu a kai ba. An ɗaure kowane ɓangare da ɗan'uwansa, ta yadda gandun bai dogara ga kirkin magajin gari ko shugaban jami'a mai zuwa ba. A ganina, ko da Sargent bai rubuta littafi ko ɗaya ba, wannan takarda ta isa a tuna da shi.

Bayan haka aka shiga dashe. Olmsted ya zana hanyoyi masu lanƙwasa da ke bin tudu da kwari, Sargent kuma ya jera itatuwan dangi dangi, bisa tsarin da masanan Ingila biyu, Bentham da Hooker, suka shimfiɗa, domin mai wucewa a keken doki ya ga 'yan uwantakar da ke tsakaninsu. Wani ma'aikaci haifaffen Ingila, Jackson Dawson, shi ya riƙe wurin rainon iri tun 1873 har rasuwarsa a 1916, kuma dubban itatuwan gandun daga hannunsa suka fito. Sargent ya kafa wata al'ada da ba ta da armashi a ido amma ita ce jigon wurin: kowace bishiya tana da lamba, an rubuta inda aka samo irinta, da wanda ya kawo, da lokacin da ta iso. Har yau ana ci gaba da wannan rajista, kuma saboda ita mai bincike zai iya tsayawa gaban itace ya san daga wane dutse na wace ƙasa irinsa ya fito.

Aikinsa bai tsaya a bakin katanga ba. Lokacin ƙidayar Amurka ta 1880, gwamnati ta ɗora masa binciken dazuzzukan ƙasar, rahoton kuma ya fito a 1884 ɗauke da bayanin nau'o'in itatuwa 412. Daga 1888 zuwa 1897 ya riƙa fitar da mujallar mako-mako kan lambu da daji. Tsakanin 1891 da 1902 ya wallafa babban aikinsa kan itatuwan Arewacin Amurka, juzu'i 14, tare da zane-zane 740 na Charles Faxon. Ɗalibin nan na 88 ya zama wanda ake komawa gare shi a fanninsa.

Ya kuma shiga fagen siyasar daji, inda nasara da faɗuwa suka cakuɗe masa. Kwamitin da ya jagoranta ya taimaka jihar New York ta keɓe dazuzzukan tsaunukan Adirondack a 1885. A 1896 ya shugabanci kwamitin ƙasa da ya zagaya dazuzzukan yammacin Amurka, kuma bisa shawararsu Shugaba Grover Cleveland ya keɓe wurare 13, kimanin eka miliyan 21, a watan Fabrairun 1897. Sai dai a cikin kwamitin akwai wani saurayi mai suna Gifford Pinchot, wanda ke ganin a riƙa amfani da daji cikin tsari a ƙarƙashin ƙwararrun ma'aikatan farar hula. Sargent kuwa ya fi son a sa soja su tsare shi. Pinchot ya iya zama da 'yan siyasa, Sargent bai iya ba, kuma ba ya son koya. Ra'ayin Pinchot ne ya yi rinjaye, shi ya zama shugaban farko na hukumar kula da dazuzzukan tarayya, tsakaninsu kuwa ba ta sake yin daɗi ba.

Malaminsa, Asa Gray, ya daɗe da lura cewa tsirran gabashin Asiya suna kama da na gabashin Amurka. Wannan ya sa Sargent ya tafi Japan da kansa a 1892 ya kwaso iri, daga baya kuma ya ɗauki wani Bature ɗan Ingila, Ernest Wilson, ya tura shi ƙasar Sin a 1907. Wilson ya turo iri da dashe masu ɗimbin yawa, kuma a tafiyarsa ta 1910 zaftarewar duwatsu ta karya masa ƙafa, ya rayu da ɗingishi. Kuɗin waɗannan tafiye-tafiye Sargent ne ke bin attajiran abokansa yana tarawa, inda aka sami giɓi ya cike daga aljihunsa. Littattafan ɗakin karatun gandun ma, da yawansu shi ya saya ya bayar.

Ba mutum ne mai sauƙin zama ba. Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da ƙarancin magana da ɗaure fuska da rashin son a ja da shi. Abokinsa John Muir, mai fafutukar kare daji, ya ba da labarin ranar da suka hau wani tsauni a jihar North Carolina a 1898: shi Muir yana tsalle yana waƙa don kyan abin da ya gani, Sargent na tsaye ƙyam kamar an dasa shi. Taurin kan ya shiga har cikin iliminsa. Akwai wata bishiya mai ƙaya da jajayen 'ya'ya da masana ke kira Crataegus. Sargent ya ɗauki kowane ɗan bambanci a ganyenta ko furenta a matsayin sabon nau'i, har ya raɗa sunaye sama da 700. Masanan da suka biyo baya sun soke mafi yawansu. Shekarun da ya zuba a wannan aiki suna da yawa, amfanin da ya rage kaɗan ne.

Ɗansa Andrew ya rasu a 1918, matarsa Mary, wadda ta zana masa hotunan furannin itatuwa masu yawa, ta bi baya a 1919. Shi kuwa bai yi ritaya ba. Ya ci gaba da zuwa ofis har ya rasu ranar 22 ga Maris, 1927, yana da shekara 85. Wilson ne ya karɓi kula da gandun, amma shi ma ya rasu a haɗarin mota a 1930. A 1938 wata mahaukaciyar guguwa ta tumɓuke itatuwa kusan 1,500 a dare ɗaya, aka share aka sake dasawa. Yau gandun yana da faɗin eka 281, kuma har yanzu ba a biyan ko sisi a ƙofa.

Holm Lea kuwa, lambun gidansu da ya yi kusan shekara 60 yana gyarawa, wanda baƙi ke zuwa daga nesa su gani, bai daɗe a bayansa ba. Bayan rasuwarsa aka yanka shi fuloti fuloti, aka gina gidaje.